Ranar da Janar Ya Koyar da Latin

"Ni nan da kuke gani, ko ƙuda sai ya gaishe ni kafin ya shiga kamfanin nan," in ji Janar, sabon shugaban masu gadin wani kamfanin kujeru, yana jan bel a ƙarƙashin tumbi. Ba soja ba ne, shi ya raɗa wa kansa sunan. Muƙamin ma na gwaji ne, don manaja ya ce kuskure ɗaya zai yi a mayar da shi gadin ƙofar baya, wajen bola.

Ran nan ya tarar Dogo, mai gadin babbar ƙofa, ya zaga bayi. Shi ke nan! Ya busa usur ya tara masu gadi kaf, har da na sito, a rumfar ajiye motoci. Ya sa aka ɗauko masa sabuwar kujera ya haye.

"Abin da wannan zabgegen ya yi, barin bakin aiki, sunansa dereliction!" Kar ku so ku ga yadda ya murɗe baki. "Daga Latin ta fito, yaren da Turawa ma sai sun ƙoshi suke taɓa shi. De, wato gaba ɗaya. Relinquere, wato ka bar abu a baya ka kama gabanka. Ku maimaita!"

"Oga, babu kowa fa a ƙofa," in ji Dogo.

"Rufe min baki, mai kan kwakwa! Ana maganar ilimi kana maganar ƙofa."

Ana cikin maimaitawa sai ga babbar mota ta shigo da baya har bakin sito. Wasu ƙarti masu rigunan aiki suka diro suka hau loda kujeru, ƙaram-ƙaram.

"Kai, bayin Allah! Ba ku ga ana karatu ba?"

"Tuba muke, ranka ya daɗe, sauri muke yi."

Wannan "ranka ya daɗe" ta shige shi har ƙashi. Nan take ya ba su masu gadi biyu su taya su, don su gama a samu shiru. Da sito ya ƙare, babbansu ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, saura wadda kake kai."

Janar ya sauko, ya cire hula ya goge sawun takalminsa, ya miƙa. Da motar ta tashi har sara mata ya yi.

Manaja ya dawo ya leƙa sito, ya yi gyaran murya, sito ya amsa masa.

"Wa ya ga fitar ɓarayin?"

"Duk mun gani," in ji Dogo. "Har oga ya ce Allah Ya tsare hanya."

Tumbin Janar ya saɓule. Ya cire usur daga wuya.

"Yallaɓai, na karɓi hukunci. Zan koma gadin bola."

Manaja ya dube shi daga hula har takalmi.

"A'a, malam, kama hanyar gida. Bolar ma ina son abata."