Sunan Kaka da Jan Alƙalami

Duk shekara, ranar da muke haɗa kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji da za a ci har ƙarshen sanyi, kakarmu Gu Mal-sun takan jera robobi a tsakar gida, kowane jika da tasa, ta rubuta sunansa a murfi da hannunta. Bana shida ta jera, mu kuwa mu bakwai ne. Ina durƙushe ina cusa barkono tsakanin ganyen kabeji sai ga yayana Tae-gon ya iso daga Seoul, inda yake aikin tanadar kayan da ake ɗaukar fim da su, a wani shirin talabijin na makashin haya. Ya rusuna sosai a gaban Halmoni, kamar yadda muke kiran Kaka.

"Halmoni, mun same ku lafiya? Kai, kin ƙara yarinta!"

"Wa kake gaisarwa? Gawa ba ta amsa gaisuwa." Ta juyo gare ni. "Hye-rim, gaya wa baƙon nan mai gidan ta rasu tun a kashi na tara."

Na sunkuyar da kai, na ci gaba da aikina.

"Haba Halmoni, takarda ce kawai ta fim."

"Takarda? Mutumin nan naku ya buɗe jerin waɗanda zai kashe, sai ga sunana na bakwai, da jan alƙalami, da rubutun nan naka mai kama da sawun kaza! Ja, Tae-gon! Wa ake rubuta wa suna da ja in ba mamaci ba? Mai sayar da kifin bakin gada har waya ta bugo tana tambayar inda ake zaman makoki."

"Camfi ne wannan. Kuma ke wa zai iya kashe ki? Ɗan aiken lahira ma sau biyu yana zuwa, kika sa shi ɓarar tafarnuwa, ya gudu bai waiwayo ba."

"Ya fi ka amfani, shi ya ɓare tasa."

Tae-gon ya ƙirga robobin da ido, ya sake ƙirgawa. Na ga murmushinsa ya ragu. Tun da aka haife shi bai taɓa cin kimchin kanti ba, kuma a gidanmu wanda ba shi da roba kowa ya san matsayinsa.

"Ina tawa?"

"Je ka makashinku ya haɗa maka. Shi da ko ladabin cin abinci bai iya ba. A kawo masa miya tana tururi, ya yi cokali ɗaya, ya tashi ya tafi kisa. Ya faɗa ɗakin mutane da takalmi, a kan daɓen da ake kwana! Uwar da ta haife shi tana ina?"

"Maraya ne, ai an faɗa a kashi na farko."

"Shi ya sa! An harbe shi sau huɗu, gashin kansa ko motsi bai yi ba. Kakanku guduma ce ta faɗo masa a yatsa, wata guda ina ba shi abinci a baki. Ita kuma yarinyar nan ta fim ɗin, kashi takwas suna kallon juna cikin ruwan sama, babu mai cewa uffan. In sonta yake ya je ya gaida iyayenta mana!"

"Amma faɗan da aka yi a kasuwar kifi fa?"

Kaka ta goge hannu a zane.

"Wannan kam ba laifi. Da ya zame a kan ƙanƙara ya cafki wuƙar a sama, sai da na ƙware da shayi. Amma ba haka ake riƙe wuƙar kifi ba. Na duba sau uku."

"Sau uku! Ashe tsohuwa ta kamu!"

"Kuskurenku nake ƙirgawa, marar kunya!"

Ban cika sa baki a faɗansu ba, domin duk wanda ya shiga shi ake haɗuwa a kai. Amma na ga yadda yayana yake satar kallon robobin.

"Halmoni," na ce a hankali, "ni na kalli ƙarshen."

Duk suka juyo.

"Ya kashe shida. Da ya isa gidan ta bakwai, tsohuwar ta daka masa tsawa tun daga ƙofa, ta ce ya cire takalmi."

"Ya cire?" in ji Kaka.

"Ya cire, har ya jera su. Ta zaunar da shi, ta ajiye masa shinkafa da miya, ta tsaya a kansa da ludayi."

"Ya cinye?"

"Har ya nemi ƙari. Daga ranar ya bar kisa."

Tae-gon ya sosa ƙeya. "Marubucin ne ya rasa yadda zai rufe labarin. Ya ce wa ya san mutumin da bindiga ba ta ba shi tsoro? Na ce ina da guda a gida."

"Wace ce ta fito a matsayina?"

"Wata kyakkyawar tsohuwa. Haƙoranta duk nata ne."

"Ɗan banza!"

Ta miƙe tana dafa ƙugu, ta zagaya bayan manyan tulunan miya, ta jawo wata roba. Ta fi duk namu girma, kuma a cike take tun safe, murfinta kawai ba rubutu. Ta sa hannu a aljihu, ta fito da alƙalami, ta cire marfinsa. Ja ne.

"Halmoni! Kada ki yi! Don Allah!" Tae-gon ya yi tsalle ya riƙe mata hannu, ya taka kwanon gishiri.

"Af! Ba ka ce camfi ba ne?"

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta ciro baƙin alƙalami daga ɗaya aljihun, ta rubuta sunansa manya-manya.

"Ɗauki, ɗan kwikwiyona. Kuma ka kunna mini kashi na goma. In ta riƙe ludayin nan da hagu, robar ta dawo."