Babban Yatsan Lamyai

"Sannu da zuwa, sarauniyar zumɓura baki. Tun daga makaranta kika ɗauko shi haka? Bai yi miki nauyi ba?"

Kaka Bunmi ke nan, yana zaune a inuwar ƙarƙashin gidansu na katako mai tsaye kan dogayen ginshiƙai yana ɗinke komarsa, karensa Dam na kwance a gefe. Jikarsa Lamyai, 'yar shekara tara, ta haɗa tafukanta a ƙirji ta gaishe shi sama-sama, ta jefar da jakar makaranta. Ranta a ɓace yake, amma ba ta taɓa barin tsohon nan ya ci bulus ba.

"Gara ni, bakina da haƙora a ciki."

"Waɗanne? Nawa sai da suka gama aiki suka tafi hutu. Naki biyun gaba tun ba su tauna abin kirki ba suka gudu. Ungo kuɗi, je ki rumfar kakar Kulap ki sayo mini ƙunshin shinkafa da ayaba."

Tsohon ya san inda ya taɓa. Tun farkon mako, a wajen wasan tsallen igiyar roba, ƙawarta Kulap ta ce ƙafar Lamyai ta taɓa robar. Lamyai kuwa ta ɗaga mata babban yatsa a gaban 'yan aji. Duk yaron da ke ƙauyen ya san shi ke nan an ɓata, ba magana, ba zama tare, sai ranar da ɗaya ya miƙa ƙaramin yatsa aka sarƙa. Wanda ya fara miƙawa kuwa, a wajen yara, shi ya sha kaye. Ga shi yau aka ba da dogon hutu, gobe da sassafe Kulap za ta hau mota zuwa birnin Bangkok wurin uwarta. Abin yana cin Lamyai ƙwarai.

"Ba inda za ni. Da me ma za ka tauna?"

"Da dasashin da na fasa kwakwa da shi jiya."

"Kai, Kaka, ƙarya da tsufa!"

"Tambayi Dam, yana wurin."

"To, a sayo a wata rumfar."

"Na wata rumfar ba ya wuce maƙogwarona. Ke dai ki ce tsoron 'yar mutane kike ji."

"Ni? Ita ce ta yi mini sharri!"

"Ƙafar taki ta taɓa ko ba ta taɓa ba?"

Lamyai ta kalli ƙasa. "Iska ce ta kaɗa robar."

"Ashe iskar ya kamata ki ɗaga wa yatsa. To, tunda an ƙi aikena, ga naki."

Sai ya ɗaga mata babban yatsansa, wani karkatacce da igiyar koma ta cinye, ya juya mata baya.

"Dam," in ji shi, "gaya wa yarinyar can mai giɓi mun ɓata."

"Dam, gaya wa tsohon can mai kai kamar ƙwai ko a jikina."

"Dam, gaya mata labarin kadan da na fara daren jiya, kai kaɗai za ka ji ƙarshensa."

"Dam, gaya masa dama kadan ƙarya ne. Jiya da safe cewa ya yi kifi ne."

Kare ya yi hamma ya mayar da kansa ƙasa. Kaka Bunmi kuma bai sake cewa uffan ba. Ya ɗauko ɗanyen mangwaro ya yanka, yana dangwala gishiri da barkono yana mamula, ko waiwaye babu. Lamyai ta yi tari. Shiru. Ta shuri bokiti. Shiru. Ta ce kansa ya fi na jiya sheƙi, nan ma shiru. Sai ta gane shirun, irinsa ne take sha kullum a makaranta lokacin cin abinci, ita a wannan ƙarshen benci, Kulap a wancan. Idonta ya ciko. Ta zagayo gabansa a hankali, ta miƙa ƙaramin yatsa tana kallon gefe.

Tsohon ya sarƙa nasa, sannan ya kama natan yana jujjuyawa kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Ya karye?"

"A'a."

"Jini fa?"

"Kaka, sake ni!"

"Ikon Allah, ga shi nan lafiya lau. Ai sai ya sake wani aikin kafin rana ta faɗi."

Ta warce kuɗin ta fita da gudu, amma da ta hango rumfar sai gudun ya koma sanɗa. Kulap na zaune tana ɗaure ƙunshi bibbiyu, kamar yadda ake sayar da su. Lamyai ta matsa kusa da ita. Ta rufe ido ta miƙa yatsa. Ko numfashi ba ta sauke ba ta ji an cafke shi, ashe Kulap ta daɗe da fito da nata, tana ɓoye da shi ƙarƙashin ganyen ayaba.

Can sai ga su sun shigo gida tare, baki duk maiƙo. Lamyai ta durƙusa da ladabi ta ajiye wa kakanta ganye, wayam, har an lashe.

"Ina aikena, ja'ira?"

"Kaka, bibbiyu ake ɗaure shi, mu ma biyu ne. Rabo bai kai kanka ba."

"Kuma mun tausaya wa dasashinka," in ji Kulap daga bayanta.

"Lallai! Da ɗaya ce ke cina, yanzu na jawo wa kaina biyu. Dam, gaya musu..."

Ya fara ɗaga manyan yatsunsa duka biyu, amma yaran suka riga shi. Lamyai ta sarƙe ƙaramin yatsansa na dama, Kulap ta sarƙe na hagu, suka ƙi saki. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya tura musu kwanon mangwaron da ƙafa.

"Ku cinye wannan ma, ɓarayi. Ku zauna, kadan nan yana jiranmu."