Ganuwar da Ta Tare Ni Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan ɗan yayana a Wurno. Gidanmu yana cikin kwari, waya ba ta kama sabis sai a kan soro. Da na dawo daga karatu sai na zaƙulo wata tsohuwar kwamfuta da ƙura ta binne, na kafa eriya a sama, na mai da ita mai raba intanet ga duk gidan. Na kuma sa mata tsaro, wanda na yi wa laƙabi da ganuwa. Daga kiran asuba har hantsi a rufe take ruf, don yara su tafi makarantar allo. (Ba wanda ya tsira daga jin wannan labari a bakina, har mai tallar fura.)

To, yayana yana aiki a Fatakwal, bai samu zuwa ba. Ya ɓoye sunan jaririn, ya ce sai ranar zai faɗa wa liman ta bidiyo. Na bugi ƙirji na ce a bar mini.

Kun san kuwa bayan sallar asuba ake raɗa suna. Dattawa sun cika zaure, ga goro ga dabino, mahauci ya kayar da rago yana jira. Na danna kira, shiru. Na sake, shiru. Sai na tuna: ganuwata ce! Na ruga in buɗe, kalmar sirrin ta gudu daga kaina. (Na tsawaita ta ne don kada yara su gane, ashe ni na yi wa tarko.)

Kawu Bala ya leƙo ya ce, "Injiniya, mi ya hwaru? Rana ta hito, rago ya gaji."

Ba yadda na iya. Na naɗe sabuwar babbar rigata na hau tsani, unguwa na kallo. A can sama waya ta shiga. Yayana ya faɗi sunan, na ji ƙwalla ta cika mini ido, don sunana ne. Wai saboda ni na haɗa shi da gida!

Na leƙo ƙasa na ƙwala sunana da ƙarfi.

Kawu ya ce, "Mun san kai na bisa. Yaron muka tambaya!"

Zaure ya kwashe da dariya, har liman sai da ya share ido kafin ya yi addu'a. Na ji kunya ƙwarai, amma daɗin ya fi ta yawa.

Takwarana yanzu har gudu yake yi, kuma kowa a gidan Ganuwa yake kiran sa. Ni dai na koyi darasi: in za ka gina katanga, ka bar wa kanka ƙofa, ko aƙalla ka ajiye tsani kusa.