Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Ta Yi Renon Ɗan Dako

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da bai huce ba, ni Mahbuba Abdulnasir, malamar lissafi, mazauniyar Fagge, tare da abokiyar aikina Chiamaka mai zane ta Sabon Gari, muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu ta cinya, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, shida daga ciki a hannuna.

Marigayiyar 'yar gwanjo ce. Ta zo mini da tsagewa a kusurwa da madannin harafi ɗaya da ya cire, ba ta kuma taɓa ɓoye talaucinta ba. Idan aka kunna ta sai ta yi "fuuu" kamar mai hura gawayi, ta ɗauki lokacinta, sannan ta buɗe ido. Amma ba ta taɓa ƙin aiki ba.

A kanta muka yi shekara uku muna haɗa wasanmu mai suna Ɗan Dako, ni ina rubuta umarnin, Chiamaka tana zane. Wasa ne ƙarami: ka ɗauko dilar atamfa daga Kantin Kwari, ka ratsa shataletalen Bata ba tare da ɗan adaidaita sahu ya ture ka ba, ka kai ta tashar jirgin ƙasa. Babu bindiga, babu jini. Muryar da ke ciki ta Baba Almu ce, wani dattijon ɗan dako da ya yi shekara arba'in yana wannan hanya. Mun naɗi yadda yake cewa "Gafara dai! Kaya ne!" da waƙar da yake yi idan nauyi ya danne shi. Ranar da muka nuna masa, ya riƙe baki ya ce, "'Ya'yan nan, ashe har ni kun sa a na'ura?" Baba Almu ya rasu a daminar bara, Allah Ya jiƙansa.

Sau ɗaya muka kai wasan shagon Sylvester, inda matasan Sabon Gari ke buga wasannin manyan kamfanoni. Da farko dariya suka yi mana. Wani ya ce ko fuskar mutum ba a gani sosai. Gaskiyarsa, domin a nasu wasannin har gumin soja ana gani, da ƙurar da ke kan takalminsa. Sai dai bayan rabin awa sojojin suna tsaye a allo ba mai kula su, mutum takwas sun kewaye Dattijuwa suna ihu, "Kauce wa mai rake! Kauce!" Sun gane kwanar, sun gane mai raken. Ba a taɓa sa unguwarsu a wasa ba sai ranar.

Ciwon ajalinta ya fara ne da aro. Yayana Hamzat, ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya huɗu, ya karɓe ta ranar Lahadi, wai zai rubuta rahoton ofis. Ashe wani ƙaton wasan yaƙi ya ɗura mata, irin wanda ko sabuwar kwamfuta sai ta yi nishi. Kwana biyu tana kuka, "fuuu" ɗinta ya koma "ƙiiii", shi kuwa ya ɗora ta kan katifa ya toshe mata hanyar iska. Daga ƙarshe ta yi "ƙyas, ƙyas, ƙyas", ta yi ƙauri, ta rufe ido.

Muka garzaya da ita wurin Oga Chukwuemeka mai gyara. Ya buɗe ta, ya kara kunne a ma'ajiyarta, ya girgiza kai. "Malama, ki yi haƙuri. Abin da ke ciki ya tafi."

Da na kai wa Yaya labari, bai ko miƙe daga kishingiɗe ba. Ya ce, "Haba Mahbuba, a kan wasan yara za ki ɓata rai da ni? Wannan da na sa, mutum dubu biyu ne suka haɗa shi." Na juya na fita, saboda yaya ne. Amma ina so a rubuta a nan cewa mutum dubu biyun nan ba su san da zaman Yaya Hamzat ba, kuma bai wuce mataki na biyu a wasansu ba.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jaka, da filash ɗaya ɗauke da wasan kamar yadda yake shekara biyu da suka wuce, kafin mu zana Bata, kafin mu sa murya. Muryar Baba Almu ba ta ko'ina sai a cikinta. Mun yi wa 'yarsa Raudha alkawarin za mu ba ta waƙar mahaifinta da Salla. Jiya na je na faɗa mata. Ta ce, "Ba komai, Anti," ta juya ta ci gaba da wanke-wanke.

Ba za a yi wa marigayiyar salla ba, domin ba mutum ba ce. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a kai ta shagon Oga Chukwuemeka, inda za a cire allonta a sa wa wata, sauran kuma a ba 'yan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a gidanmu. Muna roƙon masu zuwa kada su tuna mana cewa ana ajiye aiki a wuri biyu. Mun sani, an faɗa mana, mun kuma faɗa wa kanmu fiye da kowa.

Zaman makoki kwana uku ne. A rana ta huɗu, bayan an tashi daga makaranta, ni da Chiamaka za mu tsaya a Bata da biro da littafi, mu fara ƙirga kwanonin titi, mu sake zana su daga farko.