Hannun da Aka Auna

A wani daji, wanda sunansa ya ɓace mini kamar yadda tabarau ke ɓace mini alhali yana kan goshina, an yi wata Hawainiya mai zane. Ba zanen takarda take yi ba. A cikin kwamfuta take gina abu, ya fito da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, ta juya shi ta leƙa ƙarƙashinsa tun ba a sari itace ko ɗaya ba. A shekarar da nake magana, Majalisar Daji ta ba ta zanen gadar da za a ɗora wa kogi kafin damina.

Hawainiya bahaguwa ce. Da hagu take riƙe linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, kibiya ta motsa a allo. Nata tsoho ne, a kwance yake kamar kwaɗon da aka taka, kuma mai juya irin wannan zane sai ya danne 'yar tayar tsakiya ya ja, ya danne ya ja, tun hantsi har la'asar. Shekara tara tana haka. Sai tsintsiyar hannun ta fara zugi, yatsun suka fara yin sanyi kamar ba nata ba.

Likita Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya ya mammatsa hannun, ya ce, "Malama, wannan ba ciwon shan magani ba ne. Jijiya ce ta gaji da murɗewa. Ki nemi linzamin da aka ƙera daidai tafin hannunki. In kin samu kafin ruwan farko, za ki warke. In kika shiga damina da wannan tsohon, hannun zai sandare, ni kuwa ba na gyara abin da ya sandare."

Ta rubuta wa Majalisa takarda cikin ladabi. Majalisa ta tausaya ƙwarai, har ta kafa Kwamitin Jin Daɗin Hannu. Toron Giwa ne shugaba, don ya fi kowa shekaru. Kunkuru ne sakatare. Aka gayyato Farfesa Mesa a matsayin ƙwararriya, domin ta yi dogon bincike a kan hannu, kuma tun da ba ta da shi, kowa ya amince ba za ta yi son kai ba.

Zama na farko ya ƙare a kan ko hancin shugaba hannu ne. Na biyu ya tabbatar da cewa hannu ne, amma ban da ranar da yake mura. A zama na uku Mesa ta naɗe jikinta a kan kujera ta yi jawabi.

"Ranka ya daɗe, 'yan kwamiti masu daraja. Shekara goma sha biyu ina kallon masu hannu, kuma abin da na gano shi ne, yawancin ciwon hannu daga yin amfani da shi yake tasowa. Ni da kuke gani, ban taɓa kwana da zugin yatsa ba. Amma tun da mai ƙorafi ta nace sai ta yi aiki da nata, shawarata ita ce kada a sayi komai da ka. A auna. A kawo yumɓu a ɗauki siffar hannun, a aika wa maƙera su ƙero daidai shi."

Hawainiya, da ke zaune a bakin tabarma, ta ji daɗi har ta ɗan yi kore. Wannan ai shi ne abin da likita ya ce.

A zama na huɗu Biri ɗan kasuwa ya zo da jakar samfura ya baje. Akwai mai ƙwallo a sama, wanda babban yatsa ke murzawa, hannu bai motsa ba. Akwai mai maɓallai goma sha biyu, wanda Kunkuru ya taɓa ɗaya ya janye kansa cikin ƙoƙo. Sannan Biri ya ɗago wani mai tsayuwa a gefe kamar ƙaramin tudu.

"Wannan, ranka ya daɗe, masu irin aikinta shi suke yayi. Ba kifa hannu ake yi a kansa ba. Riƙe shi ake yi kamar za a yi musabaha, jijiya ta huta."

Toron Giwa ya kaɗa kunnuwa. "Musabaha ka ce? Madalla. Ashe har cikin na'urori akwai masu tarbiyya. Shi za a ƙera."

"Akwai na dama, akwai na hagu," in ji Biri. "Sai a faɗa mini wanne."

"Na hagu?" Toron Giwa ya yi dariya har tabarma ta girgiza. "Kai Biri, ba ka rabo da shaƙiyanci. Wa ka taɓa gani ya yi musabaha da hagu? Ni ina yaro, ranar da na karɓi rake daga wurin kakana ta gefen hagu, kwana biyu ban zauna ba. Ga shi yau ina gode masa. Yarinya, matso a auna ki."

Aka ajiye akushin yumɓu a gaban shugaba. Hawainiya ta taho a hankali, irin tafiyarta. Ta durƙusa, ta fara ɗago hannun da ke ciwo.

Kunkuru ya miƙo wuya ya yi mata raɗa. "Ke! A gaban manya?"

Ta tsaya. Idonta ɗaya yana kan yumɓu, ɗayan yana kan Toron Giwa, wanda ke dubanta da murmushi irin na kaka. Ta tuna ludayin da uwarta ke buga mata a bayan hannu duk lokacin da ta miƙa wa baƙo ruwa da hagu. Ta buɗe baki ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai da ma..."

"Kada ki ji kunya, 'yata. Don ke muka taru."

Ta koma launin tabarma. Ta mayar da hagun cikin mayafi, ta danna hannun dama a cikin yumɓun, kuma siffar ta fito tsaf, har da zanen tafi.

Sati shida maƙera suka yi. Ranar da linzamin ya iso, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aka yi ɗan biki, Toron Giwa ya miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Gaskiya ce, abin ya ƙeru. Da ta koma ofis ta ɗora hannun dama, sai ya zauna kamar tare aka halicce su. Ta ja layi. Layin ya karkace, ginshiƙin gada ya tafi ya tsaya a tsakiyar gonar Zomo. Ta gwada da hagu, babban yatsa ya rasa wurin zama, maɓallan duk suna bayan hannu.

Washegari ta sami Kunkuru shi kaɗai, ta faɗa masa.

Ya daɗe yana jujjuya takardu. "Malama, ai an rufe fayil. Ana iya buɗewa, ba na ce ba a iyawa ba. Sai dai ki rubuta da hannunki cewa shugaba, a gaban kwamiti da baƙi, ya auna hannun da ba shi ba ne. Ni kuma in karanta a zauren Majalisa, yana zaune. Ga takarda. Za ki rubuta?"

Ta dubi takardar da ido ɗaya, ta dubi ƙofa da ɗayan. Ta ce bari ta yi tunani.

Ta ajiye sabon linzamin a kan kantar ofis, inda duk mai shigowa zai gan shi, ta jawo tsohon. Ta danne ta ja, ta danne ta ja. Zanen gada ya kammalu kwana uku bayan ruwan farko, kuma gada ce mai kyau, har yanzu ana bi. A makon da aka fara kafa ginshiƙai, ta tashi da safe ta ga yatsun hagun sun lanƙwashe sun ƙi buɗewa. Zalɓe ya duba, ya sauya ƙafar da yake tsaye a kai.

Bayan damina kwamiti ya zo duba sakamakon aikinsa. Kunkuru ya buɗe fayil ya karanto hannun da aka auna, Mesa ta sa Hawainiya ta miƙo shi. Ta miƙa. Aka lanƙwasa, aka miƙar, aka ce ta dunƙule ta buɗe. Toron Giwa ya tambaye ta ko yana mata zugi, ta ce a'a, ranka ya daɗe. Aka yi tafi, kuma Majalisa ta amince a riƙa bin wannan tsari a dukkan ofisoshin daji.

Hannun da aka auna dai, har yau bai taɓa ciwo ba.