Sukuru Na Uku Ne Ya Rasu, Gwaggo Tana Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake murna ta riga ta kama rabin wurin ta ƙi matsawa, mai jego ta gidan mai gyaran keken ɗinki tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu leƙe ta katanga cewa an yi rashi a gidansu. Haihuwar kun riga kun ji, mace ce, kumatu kamar an hura, murya kuwa sai wanda ya ji. Labarin rashin ne aka murɗe muku a hanya. Ba Gwaggo ce ta mutu ba. A sake karantawa a hankali: ba Gwaggo ba ce. Wanda ya tafi shi ne Sukuru Na Uku.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, Gwaggo ita ce motarsu, 'yar ƙundundune mai doro, mai inji a baya, wadda ba ta shan ruwa, iska kawai ke yi mata fifita. Baban maigida ne ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu ita, wato maigida da wansa, Yaya mai shagon labule. Ta girmi maigida, ta girmi Yaya, kuma har yau ba ta taɓa barin kowa a daji ba.

Marigayi Sukuru Na Uku ya yi zamansa a cikin injinta, ƙarƙashin murfin gefe, cikin duhu da baƙin mai. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Aikinsa ɗaya ne tun yana sabo: ya danna kan bawul, wato 'yar ƙofar numfashin inji, ta buɗe, ya sake ta ta rufe. Ɗakinsa ya fi na kowa zafi, amma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Bai taɓa neman fenti ba, bai taɓa neman a nuna shi ga baƙi ba. Abin da ya roƙa a duniya shi ne a bar masa 'yar tazara tsakaninsa da bawul, siririya kamar takarda, don in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura ya sami wurin miƙe ƙafa. Wannan tazarar ce ke sa a ji muryarsa, tak-tak-tak-tak, wadda 'yan unguwa suka daɗe suna cewa wai maigida ya ɗaura wa keken ɗinki taya huɗu. Mai jego ta ji duk masu faɗa, kuma ta riƙe fuskokinsu.

Maigida ba ya taɓa saitin nan sai inji ya kwana ya yi sanyi ƙalau, haka babansa ya koya masa. Da safe zai shimfiɗa kwali ya kwanta, ya zura ɗan siririn ƙarfen awo tsakanin sukuru da bawul har ya ji yana wucewa da 'yar gardama, sannan ya dafe sukurun da sukundireba ya ɗaure noti da sifana. Mai jego ke zama gefensa da kwano tana riƙe masa ƙananan kaya, tun tana durƙusawa har ciki ya yi girma aka kawo mata kujera. Kullum in ya mayar da murfi sai ya ce mata, "Muddin Gwaggo tana surutu, lafiyarta ƙalau. Ranar da kika ji ta yi shiru, ki aika a kira ni ko ina nake."

Rashin lafiyar marigayi gajeruwa ce, kuma alheri ne ya jawo ta. Ranar da maigida ya tafi gyaran kekuna a wani shagon teloli, Yaya ya shigo ya ɗauki makulli, ya ce wannan ƙara tana girgiza yaron da ke cikin mai jego. Ya kai Gwaggo wurin wani makaniki da bai taɓa ganin motar da ba ta shan ruwa ba. Inji na zafi ɗau daga hanya, mutumin ya buɗe murfi, ya matse marigayi da 'yan uwansa sukurai bakwai kaf har tazararsu ta ɓace, ya murɗe notin Na Uku kamar yana da tsohuwar gaba da shi. Yaya ya dawo yana washe baki.

"Ƙanwata, kin ji kuwa? Shiru kamar ana tafiya a kan katifa. Yanzu ɗana zai huta."

Mai jego ta buɗe baki za ta yi magana, sai bayanta ya amsa kafin bakin. Naƙuda ce. Tana dafe da bango maigida ya shigo, ya ji injin yana aiki babu tak ko ɗaya, jakar kayan aikinsa ta faɗi ƙasa.

"Yaya, wa ya taɓa ta?"

"Gyara na kai ta, ba sai ka gode ba."

"Da zafinta aka taɓa ta?"

"To da sai a jira ta yi wanka?"

Gyaran wannan ɓarna sai inji ya huce, ita kuwa wadda ke ciki ba ta san jira ba, har yanzu ma ba ta koya ba. Aka ɗora mai jego a baya, Yaya a gaba, maigida ya kama sitiyari. Sun wuce kasuwa lafiya. A kan hawan da ke bayan kasuwar ne, rana tsaka, marigayi ya yi maganarsa ta ƙarshe. Ƙas! Daga nan sai Gwaggo ta koma buɗ-buɗ-fuu, buɗ-buɗ-fuu, tana ɗingishi da ƙafa uku. Maigida na shafa sitiyari yana cewa, "Gwaggo, ki rufa mini asiri." Mai jego na riƙe da kunnen Yaya ta baya, don shi ne abin da hannunta ya samu. A haka tsohuwar nan ta hau hawan, ta gangara, ta ajiye su a ƙofar asibiti. Ana shiga da mai jego, ko rufe ƙofar motar maza ba su gama yi ba aka ji kukan jaririya daga cikin asibitin.

Maigida ya ƙi sake tayar da ita, aka turo ta gida da hannu, nan ne masu leƙe suka gani suka kwashi labari wai ta mutu. Da ta huce ya buɗe murfi, sai ga Na Uku kwance a cikin mai, ya rabu biyu. Maigida ya ce da bai karye ya saki bawul ɗinsa ta rufe ba, da ita ce za ta ƙone ta tafi da inji gaba ɗaya. Shi ya ɗauki wutar a kansa.

To kunya ba ta zo wa Yaya da sauƙi ba, sai ta fito masa ta hanyar faɗa. Ya ce motar da ta kusa zubar masa da ƙanwa a titi ba za ta ƙara zama a gidan ba, rabinta nasa ne, kuma ya kira mai gwangwan. Maigida ba ya ɗaga wa wansa murya. Ya zaga shagunan kayan mota har takalminsa ya buɗe baki, kowa ya ga guntun sukurun sai ya yi dariya ya ce irin wannan sai dai a tono. Ita kuma jaririya tun da aka kawo ta gida take tsala ihu, an goya, an jijjiga, an yi waƙa, ko a jikinta.

Sai ga mai gwangwan da kurarsa da sikeli da ƙatuwar guduma, yana zaga Gwaggo yana ƙwanƙwasa ta kamar kankana. Mai jego ta fito da yarinya a kafaɗa, zani ko ɗauruwa bai gama yi ba.

"Malam, ka san abin da kake bugawa kuwa? Anya ka taɓa ganin irinta?"

"Irinta? Hajiya, irinta nawa na yanka! Ga ma haƙarƙarin wata can ƙasan kura."

Ya tona ya ɗago wani ƙarfe mai hannuwa huɗu, duk tsatsa, yana nuna mata don ta san da wa take magana. Wadda ta yi ta riƙe kwano ba sai an gaya mata ba. Sukurai huɗu ne irin marigayi a jere, kowane da notinsa.

"Ba nauyi kake saye ba? Akwai tsohuwar fanka a ɗaki, ta fi wannan nauyi. Mu yi musanya."

Ya ɗaga fanka, ya ɗaga ƙarfe, ya karɓi fanka yana ganin ya ci riba. Mai jego ta juya wajen Yaya.

"Yaya, rabinta naka ne, ba a musa ba. To rabin namu za mu gyara, naka ya jira. Riƙe min 'yarka."

Ta danƙa masa yarinya tana ihu, ta ɗauko kwano. Inji a sanyaye yake tun ranar asibiti. Maigida ya shimfiɗa kwali, ya kwance sukuru ɗaya daga ƙarfen nan, ya wanke shi da fetur, ya duba bakinsa da zarensa da notinsa, ya ɗaura shi a gurbin marigayi, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya ya mayar wa kowa tazararsa. Ya murɗa makulli. Gwaggo ta yi tari, ta yi atishawa, sai tak-tak-tak-tak.

Yarinya ta tsaya da kuka tsakiyar ihu, baki a buɗe. Muryar da ta saba ji tun tana ciki ce. Ta sauke ajiyar zuciya, ta kwantar da kai a ƙirjin Yaya, ta yi barci har da miyau a rigarsa. Maigida ya miƙa hannu zai kashe injin, Yaya ya zaro ido ya ce da raɗa, "Kai, kar ka kashe ta!" Da ƙafa ya yi wa mai gwangwan nuni da ƙofa.

Marigayi ya bar 'yan uwa bakwai, dukkansu suna bakin aiki. Ya bar bawul ɗinsa da ya tsare da ransa, da notinsa da ke jinya a kwano, da magajinsa wanda ya fito daga kura ya kama aiki ko hutawa bai yi ba. Ya bar Gwaggo, da jaririya guda wadda saboda shi ba a haife ta a kan hawan bayan kasuwa ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe. An shafe marigayi da mai, an naɗe shi a ƙyallen labule da Yaya ya yanko daga shagonsa, an sa shi a kwalin ashana. Gwaggo da kanta za ta ɗauke shi, Yaya zai riƙe kwalin a gaba, mai jego da 'yarta a baya. Za a bi ta gaban garejin makanikin nan a hankali, a hau hawan bayan kasuwa da ƙafa huɗu, a dawo a binne shi gindin bishiyar da Gwaggo ke kwana. Masu zuwa gaisuwa ana maraba da su, amma wanda ya zo da sifana a aljihu ya ajiye ta a ƙofa. Wanda ƙarar ta dama ya toshe kunne, yarinya ce ke barci.

Duk wanda wannan ta isa hannunsa ya miƙa wa na gaba, ya fara da waɗanda suka ce ta mutu.