Farfesun da Na Kai wa Ladidi

Yayana likitan ƙwaƙwalwa ne. Ranar da na je share masa ɗaki a Mandawari, na tarar da takardu da rubutun hannunsa: labarin Ladidi, wadda ta haihu ta daina magana, dangi suka watsar da ita a asibiti. A tsaye na karanta, tsintsiya a hannu, ina kuka.

Ni mai hankali, ban tambayi kowa ba. Na sa matan Islamiyyarmu suka yi mata addu'a. Washegari na yi farfesun kaza, na cika kula, sai asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ta duba rajista sau biyu, babu Ladidi. Na ce lallai a kira min likita.

Yaya ya fito, ya dube ni, ya dubi kular. "Ke, littafi nake rubutawa. Ni na ƙirƙire ta."

"Yaya, har tabon goshinta?"

"Har shi."

Na riƙe baki. Subhanallahi, ashe alƙalami yana haihuwar mutum!

Ma'aikata suka cinye farfesun tas. Har yau in na yi sallama a gidanmu, sai a ce, "Sannu da jinya, ya mai jiki?"